Doguwar Tafiya a Gaɓar Teku da Gargaɗin Inji: Nasiha ga Matasan Matuƙa Jirgin Ruwa

Injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale ya haura shekara ɗari yana yi wa mutane aiki. Ole Evinrude ya fara sayar da nasa a Amurka a 1909, kamfanin Yamaha na Japan ya fito da nasa na farko a 1960, Honda kuma ta biyo baya a 1964 da irin wanda yake da rumbun baƙin mai kamar injin mota. A yau wannan inji shi ne ƙafar masunta da masu jigila a Yawuri da Baga da Yeji ta ƙasar Gana, kuma shi ne ke tura ƙananan jirage masu gudu a Legas da Fatakwal da Kalaba, inda samari da yawa daga Arewa suke zuwa neman abinci. Wasu daga cikinsu sukan fara da ɗaukar kaya a bakin ruwa, su zama yaran jirgi, daga baya a miƙa musu tuƙi. Irin waɗannan matasa su ne suka fi bukatar sanin cewa teku dabam take da kogi da tafki, kuma ƙarar gargaɗin da inji yake yi saƙo ne da ake saurara, a fahimta, a yi aiki da shi.

Gaɓar tekun Najeriya tana da tsawon kusan kilomita 850, daga Badagiri a yamma zuwa bakin kogin Kuros Riba a gabas. A teku ana auna nisa da mil na ruwa, wanda yake daidai da mita 1,852. Daga Legas zuwa Kwatano kusan mil 60 ne, daga Legas zuwa bakin kogin Escravos kuwa ya wuce mil 100. Abin da ke wahalar da wannan hanya shi ne ƙarancin mafaka. Mafi yawan gaɓar rairayi ne miƙaƙƙe wanda raƙuman ruwa suke fashewa a kansa dare da rana, kuma iska da igiyar ruwa galibi daga kudu maso yamma suke tasowa, wato suna tura duk abin da ke yawo a ruwa zuwa ga wannan gaɓa. A kogi, idan inji ya mutu, ana iya sa filafili a kai jirgi bakin ganga. A teku kuwa jirgin da injinsa ya mutu yakan juya ya ba raƙuman ruwa gefensa, daga nan ya kama hanyar inda suke fashewa. Wannan ne ya sa lafiyar inji a doguwar tafiya take daidai da lafiyar mutanen da ke cikin jirgin.

Shiri kafin tashi

Da yawa daga cikin matsalolin da inji yake bayyanawa a tsakiyar ruwa daga tudu aka taho da su. Abu na farko shi ne lissafin mai. Injin da ake gauraya wa baƙin mai da fetur yakan sha kusan lita 4 a awa ga kowane ƙarfin doki 10 idan an taka totur har ƙarshe, saboda haka mai ƙarfin doki 75 zai iya shan lita 30 a awa ɗaya. Rage gudu zuwa kashi uku cikin huɗu yana rage shan mai sosai. Tsohuwar ƙa'idar matuƙa ita ce a raba mai gida uku: kashi ɗaya na zuwa, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya ajiya ce da ba a taɓawa sai larura. Idan tafiyar ta zuwa ce kawai, ana lissafa abin da hanya za ta ci, a ƙara aƙalla rabinsa a kai. Dalili kuwa shi ne lissafin da aka yi a ruwa mai kwanciya ba ya tsayawa idan iska ta taso, ko kaya suka yi nauyi, ko gindin jirgi ya tara gansakuka. A wannan yanki ruwan teku yana gangarawa ne daga yamma zuwa gabas, don haka mai komawa yamma yakan ci mai fiye da mai tafiya gabas.

Ingancin man shi ma abin dubawa ne. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol cikin Najeriya, ya lalata injinan motoci da dama, har aka janye shi daga kasuwa. Man da aka saya a jarka a bakin ruwa yana iya zuwa da ruwa ko yashi ko kananzir. Matuƙi mai kula yakan zuba kaɗan a farar kwalba ya bar shi ya natsa kafin ya ɗura a tanki, domin ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a ƙasa a gan shi sarai. Ana ɗura mai ta mazurari mai matata, kuma ba a kunna sigari ko ashana a kusa.

Bayan mai sai duba injin kansa. Ana duba baƙin mai da man giya, a cire farfela a ga ko zaren kamun kifi ya naɗe a bayanta, a ɗaure kan batir da sifana, a tayar da inji a cikin ruwa a tabbatar ruwan sanyaya yana fita da ƙarfi. Akwatin kayan gyara ya ƙunshi fulogogi, da matatar mai, da robar famfon ruwa, da farfela ta biyu tare da notinta da fil ɗinta, da fis, da tiyon mai, da igiyar tayar da inji da hannu, da sifana da fulaya da sukudireba da tocila. Littafin da kamfani ya haɗo da inji shi ma kayan aiki ne, domin ma'anar ƙara da fitilu ta bambanta tsakanin Yamaha da Suzuki da Mercury. Ana karanta shi a tudu, a sa shi a leda a tafi da shi.

Lokacin tafiya yana da nasa hukunci. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa takan yi girma. A farkon damina da ƙarshenta guguwa mai tsawa takan taso ba zato daga gabas. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yakan kwanta, amma hazon hunturu yana rufe gaɓa har matuƙi ya rasa alamar da zai bi, sai ya dogara da kamfas da na'urar GPS. Bakin kogunan Neja Delta kuwa yana da tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, kuma mafi haɗarin lokacin ƙetare shi shi ne sa'ad da ruwa ke janyewa yana karo da igiyar da ke shigowa. Teku tana cika ta janye sau biyu a kowace rana, don haka ana tsara isowa ta dace da cikowar ruwa da kuma hasken rana. Kafin a kwance igiya ana sanar da wani amintacce a tudu hanyar da za a bi, da yawan mutane, da lokacin da ake sa ran isa, da wanda zai kira idan lokacin ya wuce.

Ƙarar gargaɗi da matakin farko

Injinan zamani suna da na'urori masu auna zafi, da ƙarfin zagayawar baƙin mai, da wutar batir, da ruwan da ya taru a matatar fetur. Idan ɗaya ya wuce iyaka sai inji ya yi ƙara, ya kunna fitila, kuma sau da yawa ya rage gudunsa da kansa. A injinan Yamaha da yawa gudun yakan sauko zuwa wajen juyi 2,000 a minti ɗaya, Mercury kuma yana da irin wannan tsari mai suna Guardian. Rage gudun kariya ce da aka gina da gangan. Saurayin da ya ci gaba da danna totur, ko ya cire wayar ƙarar don ta dame shi, ya toshe bakin mai ba shi labari ne kawai, cutar tana nan tana ci. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Matakin farko iri ɗaya ne ko wace ƙara ce. Ana sassauta totur, a sa giya a firi, a dubi fitilar da ta kama, a dubi bayan inji a ga ko ruwan sanyaya yana fita. Sannan a ɗaga kai a dubi inda jirgi yake. Idan yana kusa da inda raƙuman ruwa ke fashewa, ko yana kan hanyar manyan jirage, ana lallaɓawa a hankali a fita daga wurin muddin ba gargaɗin baƙin mai ba ne, a jefa anga, sannan a buɗe murfin inji. Igiyar anga takan kai ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwa kafin ta riƙe da kyau. Inda ruwa ya yi zurfin da anga ba za ta kai ƙasa ba, bokiti mai ƙarfi da aka ɗaure da doguwar igiya a goshin jirgi yana taimakawa wajen sa jirgin ya fuskanci igiyar ruwa. Kowa ya sa rigar kariya tun daga tashi, ba a jira sai ƙara ta tashi.

Gargaɗin zafi

Wannan shi ne gargaɗin da aka fi ji. Injin rataye da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa. Ruwa yana shiga ta wasu ƙananan ramuka a ƙafar inji sama da farfela, wani famfo mai fukafukan roba ya tura shi sama ya zagaye silinda, ya wuce ta wata ƙofa mai buɗewa idan ruwa ya ɗumama, sannan ya fita tare da hayaƙi. Siririn ruwan da ake gani yana tsartuwa daga bayan inji shaida ce cewa famfon yana aiki.

Idan tsartuwar ta tsaya ko ta yi rauni, ana kashe inji, a ɗaga ƙafarsa a duba ramukan shigar ruwa. A ruwan Legas da bakin manyan garuruwa mafi yawan lokuta leda ce ta manne, ko ciyawar ruwa mai yawo, wadda ta mamaye tafkin Legas tun wajen 1984. Ana cirewa, a bar inji ya huce na wasu mintoci, a sake tayarwa. Idan ramukan a buɗe suke, wataƙila ƙaramin bututun tsartuwar ne gishiri ko yashi ya toshe, kuma zaren kamun kifi mai kauri yana buɗe shi. Idan har yanzu babu ruwa, robar famfo ta lalace. Wannan roba ba ta jure aiki a bushe ko da na minti ɗaya, shi ya sa tayar da inji a tudu ba tare da ruwa ba yake kashe ta tun kafin tafiya. Canza ta yana bukatar sauke ƙafar inji, aikin da yake da wuya a kan igiyar ruwa, don haka ake sabunta ta a tudu kafin kowace doguwar tafiya idan ta kai shekara.

Akwai lokacin da ruwa ke fita da ƙarfi amma ƙarar zafi ta dawo. A nan ana zargin ƙofar nan mai buɗewa da zafi ta maƙale, ko hanyoyin ruwa na cikin inji sun cushe da gishiri saboda rashin wanke shi da ruwan daɗi bayan kowace fita teku. Haka nan injin da aka ɗaga ƙafarsa fiye da kima yana shaƙar iska maimakon ruwa duk sa'ad da jirgi ya hau igiya. Idan ƙarar tana zuwa ne a babban gudu kaɗai, ana iya ci gaba da ƙaramin gudu zuwa mafaka mafi kusa, ido yana kan tsartuwar ruwa. Idan tana zuwa har a ƙaramin gudu, a kashe a nemi taimako. Injin da aka tilasta wa aiki cikin zafi yakan ƙone gasket, ko fistin ya kama a cikin silinda, kuma daga nan babu gyaran da za a yi a kan ruwa.

Gargaɗin baƙin mai

Wannan gargaɗi ba ya ba da wa'adi. A inji mai rumbun baƙin mai, da zarar fitilarsa ta kama ana kashewa nan take, a miƙar da inji tsaye, a jira mintoci kaɗan mai ya koma rumbu, a zaro ma'auni. Idan ya ragu sai a ƙara, a duba inda yake yoyo. Idan a cike yake amma fitilar ta sake kamawa, ba a ƙara tayar da wannan inji sai makaniki ya gani. Launin man ma yana da abin faɗa: idan ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, idan kuma ya ƙaru yana warin fetur, fetur ne ke zuba a ciki.

Ƙananan injinan da masunta suka fi amfani da su, waɗanda ake gauraya wa mai da hannu, ba su da wannan gargaɗi ko kaɗan, sai dai kulawar mai su. Gaurayen da aka saba shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25, sai fa idan littafin injin ya faɗi wani abu dabam. Man da ya dace shi ne wanda aka yi don injin ruwa, mai alamar TC-W3 a jikin galan. Rowar baƙin mai tana cinye inji, yawansa kuma yana toshe fulogi.

Matsalar fetur

Inji mai sassarfa, ko mai mutuwa idan an ƙara totur, galibi yunwar mai yake ji. Girgizar teku tana tayar da ruwa da dattin da suka daɗe kwance a gindin tanki, shi ya sa jirgin da bai taɓa ba da matsala a tafki ba yake fara tari bayan awa ɗaya a teku. Injinan zamani suna yin ƙara idan ruwa ya taru a kofin matata. Ana kashe inji, a zubar da abin da ke kofin a cikin kwalba, a mayar, a sake cika layin mai. Idan ruwan ya ci gaba da dawowa, sai a koma wani tanki.

Robar da ake matsawa da hannu a kan tiyon mai tana taimakawa wajen gano inda cutar take. Idan ta shanye ta lotse, akwai toshewa tsakaninta da tanki, ko kuma an manta ba a buɗe ƙofar iskar tanki ba. Idan an yi ta matsawa ba ta yi tauri ba, ko mai ya ƙare ko tiyo yana shan iska. Idan kuwa inji yana farfaɗowa duk lokacin da aka matsa ta, famfon mai na inji ne ya gaza, kuma mutum ɗaya zai iya zama yana matsawa har a kai gaɓa.

Wuta da farfela

Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 idan inji a kashe yake, ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Idan adadin yana sauka alhali inji na tafiya, caji ya tsaya. Gishiri yana cin kan batir, girgiza kuma tana kwance noti, don haka a nan ake fara dubawa. Ba a cire wayar batir inji yana aiki, domin hakan yana ƙona na'urar caji. Injin da kwamfuta ke sarrafa mansa ba ya rayuwa ba tare da wuta ba, saboda haka ana kashe duk abin da ba dole ba, kuma ba a kashe injin sai an isa. Idan inji ya ƙi tashi gaba ɗaya, abubuwa biyu ake fara dubawa kafin a kwance komai: ko giya tana firi, da ko maƙallin igiyar kashe inji yana wurinsa. Wannan igiya a jikin matuƙi ake ɗaura ta, domin idan ya faɗa ruwa inji ya mutu, jirgi bai tafi ya bar shi ba, bai kuma juyo ya sare shi ba.

Idan ƙugin inji ya hau sama amma jirgi ba ya gaba, ko farfela tana shan iska ne, ko robar tsakiyarta ta saki bayan ta bugi wani abu. Sabuwar girgiza kuwa alama ce ta lanƙwasar fiffiken farfela ko tarun masunta da ya naɗe ta. Ba a kai hannu wurin farfela sai inji a kashe, an kuma zare maƙallin.

Neman taimako

Wani lokaci na'urar auna zafi ko wayarta ce ke lalacewa ta tayar da ƙarar banza. Wannan hukunci ne da ake yankewa a ƙarshe, bayan an duba komai an ga lafiya, kuma ko a lokacin ana tafiya ne a hankali zuwa mafaka. Ana rubuta irin ƙarar, da fitilar, da gudun da ake yi lokacin da ta zo, domin makaniki ya samu bakin zare.

Idan gyara ya faskara, jinkirin kiran taimako shi ne kuskuren da ya fi tsada. Wayar hannu takan rasa layi da an yi nisa da gari, don haka rediyon ruwa na VHF wajibi ne. Tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya. Ana cewa PAN-PAN sau uku idan jirgi ya lalace amma rai bai shiga haɗari ba, a ce MAYDAY sau uku idan rai na cikin haɗari, sannan a faɗi sunan jirgi, da inda yake, da abin da ya faru, da yawan mutane. Hukumar kula da harkokin teku ta Najeriya, NIMASA, tana da cibiyar tsara aikin ceto a Legas. Ba a kusantar dandalin haƙar mai ba tare da izini ba, domin kowanne yana da da'irar tsaro ta mita 500. Idan jirgi ya kife, ana zama tare da shi, saboda masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan su hango kan mutum.

Yawancin haɗurran jiragen ruwa da suka girgiza Najeriya, irin na Warra a jihar Kebbi a Mayun 2021 da na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023, sun haɗa da lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya. Tushensu ɗaya ne da na matuƙin da ke toshe kunne ga ƙarar inji, wato ganin alama a yi kamar ba a gani ba, saboda gaggawa ko kwaɗayin kuɗi ko kunyar a ce mutum ya ji tsoro. Fasinjoji za su yi gunaguni idan aka tsaya, mai jirgi ma zai iya yin faɗa a kan jinkiri, amma rayukan da ke cikin jirgi amana ce a wuyan wanda ke riƙe da totur. Tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da shiri. Saboda haka matashin da ke son wannan sana'a ya zauna kusa da makaniki ya koyi injinsa tun yana tudu, ya saurari tsofaffin matuƙa da suka san bakin kowane kogi, ya koyi iyo, kuma ya ɗauki juyawa baya a matsayin hukunci na mai hankali duk lokacin da inji ko sararin sama ya yi gargaɗi.